Kariya da Tsaro a Ɗakunan Awon Cuta: Nazari a Kan Yankin Wurno da Rabah da Goronyo

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci haɗarin da ke tattare da ɗakunan da ake sarrafa ƙwayoyin cuta, hankalin yawancinmu yakan tafi ga manyan cibiyoyin bincike na Turai da Amurka, inda ma'aikaci ke shiga rigar da ake hura wa iska, ƙofa kuma ba ta buɗuwa sai da izini. Manufar wannan takarda ita ce mu dawo da zancen gida. Ƙwayar da ake killacewa a irin waɗancan cibiyoyi daga jikin majinyaci aka ɗebo ta, sau da yawa a wani ƙaramin asibiti irin waɗanda ke Wurno ko Rabah ko Goronyo, kuma hannun farko da ya taɓa ta na wani ƙaramin ma'aikaci ne wanda bai mallaki rabin kayan kariyar da na ƙarshe yake da su ba.

Ya kamata mu faɗa tun da wuri cewa mu malaman kimiyyar halittu ne a kwalejin horar da malamai, ba likitoci ba. Abu biyu ne suka shigar da mu wannan fage. Na farko shi ne zagayen duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa, wanda ya sha kai mu makarantu da asibitocin gabashin Jihar Sakkwato. Na biyu kuwa shi ne ayyukan binciken kammala karatu da ɗalibai ke yi a hannunmu, waɗanda za mu nuna nan gaba cewa su kansu wani ɓangare ne na matsalar.

2.0 Kariya da Tsaro

Masana wannan fanni suna rarrabe abu biyu, mu kuma za mu kira su kariya da tsaro. Kariya ita ce duk wata dabara da ake yi domin kada ƙwayar cuta ta kama ma'aikaci ko ta fita zuwa ga jama'a bisa kuskure: sa safar hannu, wanke hannu, turara kayan aiki, ƙona shara. Tsaro kuwa shi ne hana ƙwayar ɓacewa, ko a sace ta, ko a ba wanda bai cancanta ba, ko a yi aikin ɓarna da ita da gangan. Watau a kariya abin da ake jin tsoro shi ne sakaci, a tsaro kuwa mutum ne. Ɗaki yana iya cika sharaɗin ɗaya ya faɗi a ɗayan. Firijin da ke da tsabta ƙal amma ba shi da kwaɗo, kuma ba wanda ya san adadin kwalaben da ke ciki, ya sami kariya bai sami tsaro ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin jagora kan kariya a ɗakunan awo a 1983, ta sake shi a 1993 da 2004, sa'an nan bugu na huɗu ya fito a 2020. Tsofaffin bugun sun kasa ƙwayoyin cuta gida huɗu bisa haɗarinsu, suka kuma kasa ɗakuna hawa huɗu, kowane hawa da irin gininsa da injinansa. Bugu na huɗu ya rage dogaro da wannan tsani, ya ce a fara da auna haɗari: wace ƙwaya ce, wane aiki za a yi da ita, nawa ne yawanta, wane ne zai yi aikin, me zai faru in an yi kuskure. A ganinmu wannan sauyi ya fi amfanar irin yankinmu, domin tsohon tsari yakan sa mai ƙaramin ɗaki ya ɗauka tun da ba shi da kuɗin sayen injin, to babu abin da ya rage masa sai tawakkali.

3.0 Abin da Ya Faru a Lassa da Jos

Ba sai mun ƙetare teku neman hujja ba. A watan Janairu 1969 wata ma'aikaciyar jinya ta mishan, Laura Wine, ta kwanta rashin lafiya a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yau. Aka kawo ta asibitin mishan na Jos, wanda aka fi sani da Jankwano, ta rasu a can. Charlotte Shaw, wadda ta yi jinyarta, ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, aka kai ta Amurka ta warke. An aika jininsu Jami'ar Yale, inda aka gano sabon bairas aka sa masa sunan garin. A tsakiyar wannan shekara masanin da ke jagorantar aikin, Jordi Casals, ya kamu a ɗakin bincike, aka yi masa ƙarin ruwan jinin Pinneo, ya rayu. Kafin shekarar ta ƙare wani ma'aikacin wurin, Juan Roman, wanda ba a ma san ya taɓa aiki da bairas ɗin kai tsaye ba, ya kamu ya mutu. Daga nan jami'ar ta daina aiki da rayayyen bairas ɗin. A nan gida kuwa, a farkon 1970 cutar ta sake ɓulla a Jos, likita Jeanette Troup ta yanke a yatsa tana binciken gawar wani majinyaci, ta rasu a watan Fabrairu.

Abin lura shi ne, a wannan labari cutar ta kama mutum a kowane zango na tafiyarta: a gefen gado, a ɗakin gawa, da kuma a ɗakin bincike na ɗaya daga cikin manyan jami'o'in duniya. Kuma maganar ba ta zama tarihi ba, domin a watan Janairu 2020 likitoci biyu sun rasu a Kano da wannan zazzaɓi. Zazzaɓin Lassa a kwanakinsa na farko ba ya bambanta da zazzaɓin cizon sauro ko na taifot. Saboda haka jinin mai Lassa, in ya zo asibitin karkara, a matsayin jinin awon maleriya zai iso teburin mai awo.

4.0 Ƙwayoyin da Ke Shiga Ɗakunan Awo na Yankin

Wurno da Rabah da Goronyo ƙasar noma da kiwo ce. Madatsar ruwan Goronyo da ke kan Gulbin Rima, wadda aka kammala gininta a 1984, da filayen noman rani na Wurno, suna tara manoma da masunta da makiyaya a bakin ruwa guda, rani da damina. Kasuwanni irin na Acida da Goronyo suna haɗa mutane da dabbobi daga nesa, har daga Jamhuriyar Nijar. Wannan yanayi shi ke nuna irin samfurin da ke zuwa ɗakin awo.

4.1 Sanƙarau

Za mu daɗe a kan sanƙarau, domin shi ne ya fi bayyana abin da muke son nunawa. Yankin nan yana tsakiyar zirin ƙasashen Afirka da wannan cuta ke addaba daga hunturu zuwa faɗuwar ruwan farko. A annobar 1996 an ƙidaya fiye da mutum 100,000 da suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, kuma nau'in A ne ya yi wannan ɓarna. Daga 2011 aka fara yi wa jama'ar jihohin Arewa allurar MenAfriVac, nau'in A ya ja da baya ƙwarai. Sai ga wani sabon iri na nau'in C ya ɓulla a Jihar Sakkwato a 2013, ya shiga Kebbi a 2014, ya yi ɓarna a Nijar a 2015. A ƙarshen 2016 ya tashi daga Zamfara ya bazu, kafin damina ta 2017 an ƙidaya fiye da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu a ƙasar, fiye da 1,100 suka rasu, Sakkwato kuma tana cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Allurar da ke kare mutum daga nau'in A ba ta kare shi daga C. Ke nan ba a sanin wace allura za a nemo sai an san wane nau'i ne ke yawo, ba a kuma sanin nau'i sai an ɗebi ruwan laka daga gadon bayan majinyaci an auna. A 2017 kaɗan ne ƙwarai daga cikin masu cutar aka ɗebi ruwan lakarsu, wannan kuwa yana cikin abubuwan da suka jinkirta ɗaukar mataki. Ko da yake a 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar Men5CV, wadda ta haɗa nau'i biyar, bukatar awo tana nan, domin akwai wasu ƙwayoyin daban da ke haddasa irin wannan ciwo.

To, ina haɗarin yake? Wani nazari da aka yi a Amurka ya tattara mutum 16 a faɗin duniya waɗanda suka kamu da sanƙarau a ɗakin awo tsakanin 1985 da 2001. Takwas daga cikinsu sun mutu, watau rabi, adadin da ya zarce na masu kamuwa a gari nesa ba kusa ba. Dukansu masu aikin rainon ƙwaya ne, kuma 15 daga ciki sun yi aikin ne ba tare da wani abin da zai kare numfashinsu ba. Bayanin haka ba shi da wuya. Ruwan lakar majinyaci yana ɗauke da ƙwaya, amma in aka shuka shi a faranti aka bar shi kwana ɗaya cikin ɗumi, abin da zai tsiro ya ninka na farko sau dubbai. Da mai awo ya ɗebi wannan tsiro ya dama shi da ruwa, sai wasu ƙananan ɗigo da ido ba ya gani su tashi, ya shaƙa. Saboda haka ne ake yin wannan aiki cikin akwatin kariya, watau akwati mai fanka da matata wanda ke janye iska daga fuskar ma'aikaci ya tace ta. Wannan akwati yana bukatar lantarki marar yankewa, yana kuma bukatar gwani ya auna shi kowace shekara. In matatarsa ta huje ko fankarsa ta raunana, ya fi rashinsa haɗari, domin ma'aikaci ya saki jiki.

Hukuncin da muka yanke daga wannan shi ne, bai kamata ɗakin awo na ƙaramar hukuma ya yi rainon ƙwayar sanƙarau ba, ko da ma'aikacinsa ya iya. Aikinsa shi ne ya duba ruwan da madubin likita bayan ya rina shi, ya yi gwajin gaggawa in akwai kayansa, ya zuba ragowar a kwalbar da ake kira T-I ya aika gaba. Ita wannan kwalba tana da wata ƙa'ida da ke rikita sababbin ma'aikata: kafin a yi amfani da ita a firiji take zama, amma da zarar an zuba ruwan laka ba ta ƙara shiga sanyi, domin sanyi na kashe ƙwayar. Wanda ya saba da cewa kowane samfur sai da ƙanƙara, shi da kansa zai lalata aikin da kyakkyawar niyya.

4.2 Tarin fuka da amai da gudawa

Majinar mai tarin fuka haɗarinta a iska yake. Shafa ta a gilashi domin dubawa ba shi da haɗari mai yawa muddin ɗakin yana da tagogi biyu masu fuskantar juna, iska kuma tana bi daga bayan ma'aikaci zuwa waje. Abin da muka fi gani shi ne a rufe tagogin saboda ƙurar hunturu, a kunna fankar sama, ita kuwa juya iskar ɗakin kawai take yi. Haka kuma bai dace majinyaci ya yi kaki a cikin ɗakin ko a barandar da jama'a ke jira ba, sai a fili. Injin GeneXpert, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2010, ya rage haɗari, domin ruwan maganin da ake haɗawa da majinar na minti 15 yana kashe kusan dukan ƙwayoyin. Sai dai kwansonsa ba ya son zafin da ya wuce digiri 28, a ƙasar da zafin watan Afrilu ke haura 40.

Amai da gudawa kuwa, wanda ya kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya a 2021, ta baki yake shiga. Maganinsa a ɗakin awo sabulu ne da ruwa da hana cin abinci. Ba za mu ɓoye ba, a wani ƙaramin asibiti na yankin mun taɓa buɗe firiji muka tarar da kwalaben samfur a hawa na sama, ruwan leda da kunun ma'aikata a na ƙasa. Da muka yi magana sai aka ce mana firijin ke nan guda ɗaya mai aiki da hasken rana a duk asibitin, kuma azumi ake yi. Ba mu sami amsar da za mu ba su nan take ba.

4.3 Allura da jini

Ma'aikaci ya fi tsoron ƙanjamau, alhali kuwa ciwon hanta nau'in B ya fi kusa da shi. In allurar da aka ɗebi jinin mai cuta ta soki mutum, yiwuwar kamuwa da ƙanjamau wajen 3 ne cikin 1,000, ta ciwon hanta nau'in C wajen 2 cikin 100, ta nau'in B kuwa tana iya kaiwa 30 cikin 100. Babban binciken da aka yi a ƙasar nan a 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da nau'in B, masu ƙanjamau kuwa ba su kai kashi 2 ba. Nau'in B yana da rigakafi, allura uku, amma sai a 2004 aka shigar da shi cikin rigakafin yara. Ma'ana, duk ma'aikacin da aka haifa kafin wannan shekara bai samu yana yaro ba. Muna ganin bai halatta a tura ɗalibi aikin sanin makama a ɗakin awo ba sai ya nuna katin wannan allura. Wanda allura ta soka kuma, maganin hana kamuwa da ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake amfani, don haka ɓoye hatsari saboda kunya ko tsoron faɗan shugaba yana iya zama asarar rai.

4.4 Dabbobi

A taƙaice za mu wuce wannan, ba don ƙanƙantarsa ba. Ciwon saifa, wanda aka tabbatar da ɓullarsa a wata gona kusa da Suleja a watan Yuli 2023, ƙwayarsa tana yin ɓawo ta zauna a ƙasa shekaru masu yawa, shi ya sa ba a feɗe dabbar da ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci da dubura. Bakkale, mai sa shanu ɓari, yana cikin cututtukan da suka fi kama ma'aikatan awo a duniya. Kan karen da ake zaton ya haukace kuwa, tafiyarsa zuwa Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom doguwa ce, kuma galibi a motar haya yake yin ta.

5.0 Hanya

Daga wannan yanki samfur yakan bi ta Sakkwato, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake, wani kuma ya zarce babban ɗakin awo na ƙasa da ke Gaduwa a Abuja. Bayan gidan yaron da ake zaton shan inna ta kama, ana ɗibarsa sau biyu da tazarar aƙalla awa 24, a cikin kwana 14 da shanyewar ƙafar, ya tafi cikin sanyi har Badun ko Maiduguri, kuma ana son ya isa cikin kwana uku. Ƙa'idar ɗauri ita ce rufi uku: kwalba mai murfin murɗawa, a naɗe ta da auduga mai iya shanye duk abin da ke ciki, a sa ta a gwangwani ko leda mai kauri wadda ba ta yoyo, sa'an nan a sa wannan a akwati mai ƙarfi. Takardar bayani a waje take zama. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin asibitin ƙauye.

Abin da ya fi ƙarfinsa shi ne hanyar kanta. Tun harin da aka kai Tabanni a gundumar Gandi ta Rabah a watan Yuli 2018, da wanda aka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoba 2021, kowa ya san halin da gabashin jihar ya shiga. A watan Satumba 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar na wani lokaci. Littattafan jagora na duniya an rubuta su ne bisa zaton cewa mai ɗauke da akwati zai isa, in ma bai isa ba zai buga waya. Ba su faɗi abin da za a yi ba in an tare mota aka kwashe kaya, ko in ma'aikata sun gudu sun bar asibiti a buɗe da firiji cike. Ba muna cewa ɗan bindiga yana neman ƙwayar cuta ba ne. Batirin hasken rana da firijin yake so. Amma kwalaben da zai zubar a tsakar gida, yara ne za su tsince su. Saboda haka a irin wannan wuri dokar farko ta tsaro ita ce kada a tara. Samfurin da aka gama da shi a kashe shi a ranar. Wanda za a aika a rubuta shi a littafi: wa ya ba da, wa ya karɓa, ƙarfe nawa, domin in ya ɓace a san me ya ɓace.

6.0 Shara

Ba a fitar da abin da aka raina ƙwaya a kansa daga ɗaki sai an kashe shi. Hanyar da ta fi inganci ita ce turarawa a tukunya mai matsi, zafi ya kai digiri 121 na tsawon minti 30. Inda babu ta lantarki, tukunyar matsi ta girki a kan risho ko gas tana yin aikin, in an bar tururi ya kori iskar ciki kafin a ɗora nauyin murfin. Ruwan bilic na kasuwa mai ƙarfin kashi 3.5, in aka haɗa awo ɗaya da awo shida na ruwa, yana ba da kashi 0.5, wanda ake zubawa a kan jini ko abin da ya zube, a rufe da tsumma a bar shi minti 30. Amma wannan haɗi kullum ake sabunta shi, domin zafi da haske suna cinye ƙarfinsa, warin kuma yana nan ko bayan ƙarfin ya tafi. Kada a raina wannan magana. A birnin Lanzhou na ƙasar Sin, a 2019, wata masana'antar allurar dabbobi ta yi amfani da maganin kashe ƙwaya wanda wa'adinsa ya wuce, ƙwayar bakkale ta bi iskar da ke fita daga masana'antar, daga baya awo ya nuna fiye da mutum 10,000 sun harbu.

Allura kuwa ba a mayar mata da murfi, akwatin kwali na musamman ake jefa ta, in ya kusa cika a ƙone. Ramin ƙona shara yana bukatar shinge. Duk wanda ya zaga bayan wasu asibitocinmu ya ga awaki suna kiwo a bakin ramin, ya kuma ga sirinji a hannun yara sun mai da shi bindigar ruwa.

7.0 Tsaro, da Laifin da Ke Wuyanmu

Misalin da aka fi kawowa a wannan babi shi ne na Amurka a 2001, inda aka aika garin ƙwayar saifa cikin wasiƙu mutum 5 suka mutu, binciken hukuma kuma ya kai ga wani ɗakin bincike na sojan ƙasar. Amma wanda ya fi kama da halinmu shi ne na cutar da aka riga aka kora. Mutum na ƙarshe da agana ta kama a gari a Somaliya yake, a 1977. Amma wadda agana ta kashe a ƙarshe, Janet Parker, a Birmingham ta Ingila take, a 1978, kuma daga ɗakin binciken makarantar likitanci da take aiki cutar ta fito. An tabbatar da Nijeriya ta rabu da shan inna ta daji a watan Agusta 2020, ko da yake Sakkwato tana cikin jihohin da aka ci gaba da samun nau'in da ya rikiɗe daga ɗigon rigakafi. Ke nan duk wani tsohon samfurin bayan gida da wani mai bincike ya ajiye a injin ƙanƙara tun shekarun da cutar ke yawo, ko da don binciken tsutsar ciki ya tara shi, yana iya zama maɓoyarta.

Ta fuskar doka ba a bar mu a baya ba. Nijeriya tana cikin yarjejeniyar 1972 ta haramta makaman ƙwayoyin cuta. Dokar 2003 ta ɗora wa majalisar masu kimiyyar awon asibiti alhakin rajista da duba ɗakunan awo. Dokar 2018 ta ba Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa cikakken iko. A 2019 aka gyara dokar hukumar kula da kariyar halittu, wadda aka kafa a 2015, aka ƙara mata sha'anin tsaro. Duk da haka, a tantancewar da aka yi wa ƙasar tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2017, fannin kariya da tsaro yana cikin waɗanda suka sami maki mafi ƙanƙanta. Akwai kuma wani ɗaki da duk waɗannan dokoki ba su cika leƙawa ba, shi ne namu.

Kowace shekara ɗalibai a kwalejoji da jami'o'i suna zaɓen binciken da ya shafi gwada ƙarfin bagaruwa ko darbejiya ko zogale a kan ƙwayoyin cuta. Bincike ne mai kyau, mu ma mun sha sa hannu a kansa. Amma ina ɗalibi ke samo ƙwayar? Yakan je wani asibiti da wasiƙar sashe, wani lokaci ma da sanayya kawai, a ba shi ƙwayar taifot ko ta ƙurji wadda aka ciro daga jikin majinyaci, mai yiwuwa ma irin wadda ta gagari magunguna. Ya sa ta a aljihu ko a jaka, ya hau babur, wani ya kwana da ita a ɗakin kwanan ɗalibai. In an gama aiki, farantan sukan yi makonni a kan tebur, ƙarshe mai shara ya kwashe da hannu. Mun taɓa tambayar wata ɗalibarmu ina ragowar kwalabenta, ta ce, "Malam, na ba wata ƙawata, ita ma irin aikin take yi." Ba mu ga laifinta ba, domin babu wanda ya taɓa gaya mata cewa wannan kaya ba a kyauta da shi. Wannan ɗaliba da ire-irenta su ne za su je Wurno da Rabah da Goronyo su riƙe ɗakunan kimiyya na makarantun sakandare, inda za su sa yara su dangwala yatsa a faranti don su ga abin da zai tsiro, ba tare da sun san cewa irin wannan faranti liƙe shi ake yi da salatif, ba a sake buɗe shi, sai an turara.

A sashenmu yanzu ba ma amincewa da binciken da ke bukatar ƙwaya daga majinyaci sai in za a yi aikin a cikin ɗakin awon da ƙwayar take, ƙarƙashin ma'aikacin da ke da rajista, ɗalibi ya kai ruwan ganyensa can ya dawo da sakamako a takarda. Abin da za a yi a kwaleji kuwa an taƙaita shi ga yis na burodi da ƙwayar da ke sa madara ta zama kindirmo, waɗanda sun isa a koyar da shuka da raino da ƙidaya. Mun buɗe littafi guda, kowane faranti da aka zuba sai an rubuta ranar zuba shi da ranar turara shi da sunan wanda ya yi. Wasu abokan aikinmu sun ce mun rage wa binciken armashi, kuma akwai gaskiya a maganarsu, domin ɗalibai sun fi ɗokin ƙwayar da suka ji sunanta a asibiti. Muna roƙon mahalarta da ke koyarwa a wasu kwalejoji, musamman na fasahar kiwon lafiya, su gaya mana yadda suke yi da nasu farantan.